Nasabar Sarakunan Turai: Inda Shaida Ta Tsaya, Nan Alƙalami Zai Tsaya

A cikin sha'awoyin da suka kama Turawan wannan zamani, musamman waɗanda kakanninsu suka yi ƙaura zuwa Amurka da Ostareliya, da wuya a sami wadda ta kai sha'awar bin salsala. Mutum yakan ɓatar da dukiya da shekaru yana tone-tone a cikin tsofaffin littattafan coci, yana bin suna bayan suna, kuma in an bincika zuciyarsa, sau da yawa za a tarar burinsa shi ne bin ya kai shi ga wani basarake na ƙarnonin tsakiya, ko ma ga Sarki Charlemagne kansa, wanda Paparoma ya naɗa a birnin Rum a shekara ta 800. Ban ga laifin wannan sha'awa ba, domin son sanin asali ɗabi'a ce ta ɗan Adam, mu ma kuwa mun san ta a gidajenmu. Ra'ayin da nake so in tsaya a kansa guda ɗaya ne, watau abin da ya sa takardun coci suka cancanci a dogara da su a sha'anin nasaba shi ne ba domin nasaba aka rubuta su ba. Kuma duk inda irin wannan takarda ta ƙare, wajibi ne mai bincike ya ɗage alƙalaminsa, ko da kuwa suna ɗaya ya rage tsakaninsa da gadon sarauta.

Mu fara da kawar da wani zato da ya yaɗu, cewa tun fil azal limaman coci suna rubuta haihuwa da aure da mutuwar mabiyansu. Ba haka al'amarin yake ba. A Ingila sai a shekara ta 1538 Thomas Cromwell, wazirin Sarki Henry na Takwas, ya ba da umurni ga kowane limami ya ajiye littafi, ya riƙa shigar da baftisma da aure da jana'iza kowace Lahadi a gaban wakilan jama'a, a kuma kulle littafin a akwati mai makulli biyu. A 1598 aka sake umurtar a kwafe tsofaffin a kan fata, akasarin masu kwafin kuwa suka soma daga 1558, shekarar da Sarauniya Elizabeth ta hau gado. A Faransa dokar Sarki François na Ɗaya ta 1539 ce ta wajabta littafin baftisma, sa'an nan babban taron malaman Katolika na Trent ya game hukuncin ga dukkan mabiyansa a 1563. Littafin da ya fi kowanne tsufa a Faransa, na garin Givry, wanda ya soma kawo sunaye tun wajen 1334, asalinsa lissafi ne na kuɗin da limami ke karɓa a kan aure da jana'iza, amma ta dalilinsa aka san cewa a watanni kaɗan na annobar 1348 garin ya binne mutum sama da 600, alhali a shekarun lafiya bai cika wuce 30 ba.

Kafin waɗannan dokoki, hatta ɗan babban gida a Ingila, in mahaifinsa ya rasu ya bar shi ƙarami, ya kuma zo karɓar gadonsa daga hannun Sarki bayan ya cika shekara 21, ba shi da wata takardar haihuwa da zai nuna, sai dai a tara dattawa goma sha biyu su yi rantsuwa. Wannan ya ce ya tuna ranar baftismar domin shi ya riƙe fitila a coci, wancan ya ce a ranar ya faɗo daga doki ya karya ƙafa. Masu bincike kuwa sun lura cewa ƙafafun da aka karya a waɗannan shaidu sun yi yawa, har ya bayyana magatakarda na kwafe dalilan daga wata shari'a zuwa wata. Saboda haka wanda ya ce ya bi littafin baftisma har zuwa zamanin yaƙin Hastings na 1066, ko dai an yaudare shi, ko kuwa yana nufin ya yaudare ka.

To, in babu littafin haihuwa, da me ake bin nasabar gidajen sarauta na waɗancan ƙarnoni? Mafi girman abin dogara shi ne takardun kyautar ƙasa, waɗanda suka yi kusa da abin da fikihunmu ke kira wakafi. Basarake yakan ba gidan ruhubanawa gona ko daji ko injin niƙa, bisa sharaɗin a riƙa yi wa ransa addu'a, da ran mahaifinsa wane, da mahaifiyarsa wance, da matarsa. Ruhubanawan kuma, domin tsoron kada gobe wani magaji ya taso ya ce ba da yawunsa aka yi ba, sukan sa a rubuta yardar 'ya'ya da 'yan'uwa, kowa da sunansa, a jera shaidu, a buga hatimi. Gidan ruhubanawa na Cluny, wanda aka kafa a Faransa a 910, ya bar irin waɗannan takardu sama da 5,000, da su kuwa masanin tarihi Georges Duby ya sake gina gidajen sarautar yankin Mâcon a littafinsa na 1953. Bayan su akwai littattafan tunawa, inda ake shigar da sunayen waɗanda za a ambata a addu'a: na tsibirin Reichenau a Jamus, wanda aka soma wajen 824, ya ƙunshi sunaye sama da 38,000, sau da yawa kuma 'yan gida ɗaya a jere suke, ko da yake littattafan mamata sukan kawo rana da wata su bar shekara, tun da abin da ake bukata shi ne ranar da addu'a za ta zagayo.

Tushe na uku shi ne shari'ar aure. Cocin Rum ta daɗe tana haramta aure tsakanin waɗanda suka haɗa kaka har zuwa hawa na bakwai, sai a taron Lateran na 1215 aka rage zuwa hawa na huɗu. Sarakuna kuwa, da yake a junansu suke aure, dole su lissafa kakanninsu a gaban bishop, ko domin neman sassauci daga Paparoma, ko domin neman hanyar rabuwa a addinin da ba shi da saki. Da hujjar kusancin jini aka rushe auren Sarki Louis na Bakwai na Faransa da Eleanor ta Aquitaine a 1152, bayan shekara 15 da 'ya'ya mata biyu; wata biyu bayan haka ta auri Henry, wanda ya zama Sarkin Ingila a 1154, alhali shi ma ɗan'uwanta ne na jini kusan daidai da na farkon.

Mai karatu zai lura cewa a cikin waɗannan tushe uku babu inda marubuci ya zauna da niyyar ɗaukaka asalin kowa. Ɗaya yana tsaron gona, ɗaya yana tsara addu'a, ɗaya yana yanke hukunci, nasaba kuwa ta shigo ne a kan hanya. Malamanmu na fikihu sun daɗe da sanin wannan ƙa'ida, shi ya sa suke mayar da shaidar wanda ake tuhuma da jawo wa kansa amfani, suke kuma karɓar ta wanda ba ya cin riba ko hasara a cikin hukuncin. Bambancin littafin nasabar da aka rubuta a fada da takardar wakafin da aka ajiye a gidan ruhubanawa kamar bambancin kirarin maroƙi ne ranar naɗi da takardar cinikin gona: na farkon ya fi daɗin ji, amma ta biyun ake kai wa alƙali.

Babu misalin da ya fi bayyana wannan kamar na gidan Stewart, waɗanda suka hau gadon Sikotilan a 1371 ta kan Robert na Biyu, suka kuma haɗa da na Ingila a 1603. Wani malami mai suna Hector Boece ya wallafa tarihin ƙasar a 1527, a ciki ya kawo cewa kakan gidan wani jarumi ne, Banquo, wanda Sarki Macbeth ya kashe, ɗansa Fleance ya tsere zuwa Wales ya haɗu da 'yar sarki, daga nan zuriyar ta fito; marubucin tarihi Holinshed ya kwafa, Shakespeare ya ɗauka ya sa a wasan kwaikwayonsa, sarakunan suka karɓa da hannu biyu, domin labarin ya mai da su 'yan ƙasa tun asali. Aka yi kusan shekara 300 ana maimaitawa, ba tare da an sami sunan Banquo a ko da takarda ɗaya ta zamanin Macbeth ba. Sai da masu bincike suka koma kan takardar kafa gidan ruhubanawa na Paisley, ta wajen 1163, inda mai kyautar ya kira kansa Walter ɗan Alan, mai kula da gidan Sarki, ya kuma ɗebo ruhubanawansa daga Wenlock a lardin Shropshire na Ingila. Me ya haɗa basaraken Sikotilan da Shropshire? George Chalmers ya bi wannan tambaya a farkon ƙarni na 19, ya gano ɗan'uwan Walter a can, da mahaifinsu Alan ɗan Flaad. Sa'an nan J. Horace Round, a littafinsa na 1901, ya ƙetare teku da takardun gidan ruhubanawa na Saint-Florent da ke Saumur, ya nuna cewa mutanen nan asalinsu daga garin Dol ne na lardin Bretagne a Faransa, inda suke gadon muƙamin kula da gidan bishop. Ashe gidan da ya mulki ƙasashe uku daga barorin fada ya fito, har sunan muƙamin nasu ya zama sunan gidan.

Haka ya faru ga gidan Habsburg. Sarki Maximilian na Ɗaya, a farkon ƙarni na 16, ya ɗauki malamai aiki domin su kai nasabarsa ga jaruman birnin Troy, suka kuwa kai ta. Amma abin da masana ke riƙe da shi yau shi ne ɗan gajeren jerin da ruhubanawan Muri, a ƙasar Suwizalan, suka rubuta a ƙarni na 12 game da waɗanda suka kafa gidansu a 1027, wanda ya tsaya a kan wani attajirin basarake, Guntram, na ƙarni na 10. A ganina gajeriyar nasabar ta fi doguwar daraja, domin a cikinta ana ganin yadda gida ke tasowa da hidima da aure da sa'a, alhali doguwar ba ta koya wa kowa kome sai yadda masu mulki ke son a gan su.

Wani zai ce, ai ruhubanawan ma ba waliyyai ba ne, sun ƙirƙiri takardu. Gaskiya ne, kuma ba kaɗan ba. Cikin takardun da ake jinginawa ga sarakunan Merovingian na Faransa, fiye da rabi bincike ya nuna na jabu ne. Akwai kuma jerin sunayen da aka ce an rataye a gidan ruhubanawa na Battle, na waɗanda suka raka William cin Ingila a 1066: asalinsa ya ɓace, kwafe-kwafensa sun saɓa wa juna, ɗaya ya haura suna 600, tun a ƙarni na 17 kuma masana irin su Camden da Dugdale suka zargi ruhubanawan da ƙara sunayen masu yi musu alheri, alhali waɗanda shaidar zamanin ta tabbatar sun halarci yaƙin Hastings ba su wuce ashirin da 'yan kai ba. Hatta Jean Mabillon, rahibin da ya kafa ilmin tantance takardu da littafinsa na 1681, an taɓa rufe masa ido: a 1695 ya sa hannu tare da Étienne Baluze a kan ingancin wasu warƙoƙi da aka ce daga kundin cocin Brioude suke, masu kai gidan La Tour d'Auvergne ga sarakunan ƙarni na 9, daga baya aka kama wanda ya ƙirƙire su, Jean de Bar, aka hukunta shi, Baluze kuma aka kore shi daga Paris a 1710.

Amma in an lura, waɗannan misalai ƙarfafa ƙa'idar suke yi. Jerin Battle da warƙoƙin Brioude sun lalace ne daidai lokacin da takardar coci ta koma takardar nasaba, watau lokacin da aka sami mai biya da mai karɓa; kuma abin da ya tona asirin jabu ba wani abu ba ne face sauran takardu na gaskiya, da aka gwada irin rubutunsu da lafazinsu da hatiminsu da sunayen shaidunsu. Wanda ya karanta musɗalahin hadisi ba zai ga baƙon abu a nan ba, domin samuwar maƙirƙira ba ta sa malamai sun watsar da ruwaya ba, sai ma ta haifar da ilmin jarhi da ta'adili. Abin tambaya ga kowace takarda shi ne wa ya rubuta ta, yaushe, kuma wa zai ci riba in an gaskata ta.

Suka ta biyu ta fi nauyi, ita ce takarda, ko ta inganta, ba ta faɗin kome sai abin da shari'a ta sani. Tana jingina ɗa ga mijin mahaifiyarsa, kamar yadda namu fikihu ke yi, abin da ke bayan labule kuwa ba huruminta ba ne. Da aka tono ƙasusuwan Sarki Richard na Uku a 2012, a ƙarƙashin wurin ajiye motoci a Leicester inda dā cocin ruhubanawa take, gwajin ƙwayoyin halitta ya dace da zuriyar 'yar'uwarsa ta wajen mata, amma alamar da ɗa ke gada daga uba ba ta dace da ta waɗanda takardu suka ce sun haɗa kaka namiji da shi ba, watau a wani wuri cikin ƙarnonin an sami ɗan da ba na mai sunan ba. Ban da wannan, takardun sukan ambaci mace da sunanta kawai ba tare da na mahaifinta ba, talaka kuwa sau da yawa sai a lissafin abin da aka bayar tare da gona. Sunan gida bai zauna ba sai a hankali bayan ƙarni na 11, ga shi kuma gida ɗaya yakan maimaita William ko Hugh hawa bayan hawa, har mai gaggawa ya haɗe kaka da jika ya mai da su mutum guda. Sa'an nan ga asara: rushe gidajen ruhubanawan Ingila tsakanin 1536 da 1540, da ƙona takardun nasaba a Paris a 1792, da gobarar ma'ajiyar Dublin a 1922 wadda ta cinye littattafan coci kusan 1,000. Duk wannan na yarda da shi, kuma shi ne ainihin dalilin da ya sa na ce a tsaya inda shaida ta tsaya. Giɓi ba aibi ba ne ga mai bincike. Aibin shi ne ya cike shi da kamannin suna, ya kuma ɓoye wa mai karatu cewa cikewa ya yi.

Game da masu neman Charlemagne, lissafi kaɗai ya isa ya sanyaya musu zuciya. Kowane mutum yana da iyaye 2, kakanni 4, iyayen kakanni 8, in aka yi ta ninkawa har hawa 30, wato kimanin shekara 900, adadin zai haura 1,000,000,000, alhali mutanen duniya duka a lokacin ba su kai rabin haka ba. Ma'anarsa ita ce kakannin suna maimaituwa, kuma kusan kowane Bature yana da jinin sarki da na bawa gaba ɗaya; abin da ya bambanta su kawai shi ne wasu kakanninsu sun mallaki gonar da za su bayar har a rubuta sunansu. Saboda haka fa'idar wannan ilmi ba alfahari ba ce, fa'idarsa ita ce sanin yadda ƙasa da mulki suka yi ta sauya hannu. Ibn Khaldun, wanda ya rasu a Alƙahira a 1406, ya riga Round da ƙarni biyar wajen sukar gidajen mulkin da ke laƙaba wa kansu nasabar da ba tasu ba, har ya kawo labarin Yaghmurasan, sarkin Tilimsan, wanda da aka gaya masa cewa shi sharifi ne, ya amsa da cewa in gaskiya ne zai amfane shi a Lahira, amma mulkin duniya da takobi ya same shi.

A nan ne maganar ta shafe mu. Gidajen sarauta da na malanta a ƙasarmu su ma suna da dogayen nasabobi masu kaiwa Gabas, kamar yadda Saifawan Borno suka jingina kansu ga Saifu ɗan Zi Yazan na Yaman, kuma ba na kira a raina su, domin ruwayar baka tana gaya mana yadda al'umma ta ɗauki kanta, wannan kuwa shi ma tarihi ne. Amma muna da namu takardun da ba domin nasaba aka rubuta su ba: mahraman, watau takardun alfarma, da sarakunan Borno suka riƙa ba malamai tare da sunayen shaidu, da ijazozin karatu, da ƙarshen littattafai inda mai kwafi ke rubuta sunansa da na mahaifinsa da garinsa, da takardun rabon gado, da na cinikin gida, da rajistocin kotunan alƙalai. Wasu suna Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa da Gidan Arewa a Kaduna, wasu a cibiyar Waziri Junaidu a Sakkwato, amma mafi yawa suna cikin gafaka da adaka a zaurukan gidaje, gara da damina suna rabon su, alhali magada sun fi kula da allon nasabar da aka buga jiya aka rataye a falo.

Shawarata ga duk gidan da ke son rubuta asalinsa ita ce ya fara da tattara waɗannan takardu marasa ado, a ɗauki hotonsu, a kai kwafi ma'ajiya. Sa'an nan in an zo jera sunaye, a raba su kashi uku a fili yadda malaman hadisi ke yi wa ruwaya daraja: abin da takardar zamaninsa ta tabbatar, da abin da alamu suka rinjayar, da abin da aka ji daga bakin dattawa, a kuma faɗi sunan dattijon da shekarar da aka ji. Mai yiwuwa kashin farko ba zai wuce hawa biyar ko shida ba, kuma wasu 'yan'uwa za su ji haushi. Su yi haƙuri, domin jikan da zai zo bayan shekara ɗari zai iya ɗora bincike a kan hawa shida tabbatattu, amma ba abin da zai iya yi da hawa arba'in da ba a san inda gaskiyarsu ta ƙare ba, sai ya rushe su duka ya soma daga farko.